Dabaibayin Otilia

"Ke, a hankali mana! Ƙafa ce, ba ƙullin burodi ba."

Saveta ko ɗagowa ba ta yi ba. Ta ƙara lakato mai, ta ci gaba da murza diddigen Otilia. Ƙafar duk ta tsotse, sai jijiyoyi. Shekara ashirin da shida ƙofofinsu na kallon juna a hawa na huɗu, kuma a duk tsawon wannan lokaci Saveta ba ta taɓa ganin ƙafafun nan a kwance da rana tsaka ba sai bana.

"Da kin bi shawarata kin zauna wuri ɗaya kamar kowa," in ji Saveta, "da yanzu da sauranki."

"Da na zauna wuri ɗaya, da yanzu ke kina bakin coci kina miƙa hannu. Murza can, wajen agara."

Gaskiya ta faɗa. Otilia mai raba wasiƙu ce tun tana budurwa. Da masaƙar garin ta rufe, matan unguwa suka wayi gari ba aikin yi, sai ita kuma, da furfurarta da komai, ta tsiri gudun fanfalaki. Kilomita arba'in da biyu, a garuruwan da mutanenmu suka tafi ci-rani. Sai ta rubuta sunan ƙungiyar matan unguwa a bayan riga, 'yan garinmu masu goge-goge da jinyar tsofaffi a can su fito bakin titi suna ihu, kowa ya ba da abin da ya sawwaƙa. In ta dawo, a sayi keken ɗinki a ajiye a ɗakin ƙasa na ƙungiya, a raɗa masa sunan garin da ta yi gudun. Akwai Roma, akwai Porto, akwai Madrid mai cin allura.

Na Saveta sunansa Sevilla. Can mijinta ya tafi tsinkar lemo, ya bar ta da 'ya'ya mata biyu, bai sake waiwayowa ba. Ranar da Otilia ta ja ta ta zaunar a gaban keken, cewa ta yi, "Na duba miki shi ban gan shi ba, sai na taho miki da wanda ya fi shi amfani." Da wannan keken Saveta ta ciyar da yaran, ta yi musu karatu. Ta san abin da aka yi mata, kuma kullum abin yana ranta.

Otilia ta ɗan muskuta, ta cije leɓe har ciwon ya lafa.

"Saveta, abu ɗaya zan sa ki. Dabaibayina. Ke za ki kwance."

"Rufe mana baki da Allah."

"Ba wasa nake ba. Kalle ni."

Kowa a garin ya san dabaibayi. In mutum ya cika, akan ɗaure masa ƙafafu da farin zare don kada su wage. A bakin kabari, dab da rufe akwati, sai a kwance a ajiye masa zaren a gefensa. In aka manta, haka zai tafi can a ɗaure.

"Na Mama an manta," in ji Otilia. "Sai da aka gama tura ƙasa wata tsohuwa ta tambaya, kowa ya kalli na kusa da shi. Shekara uku ina mafarkinta tana jan gindi a kan hanya, tana kirana in jira ta. Ƙanena Traian kuwa tun da ya tare a Torino, duk abin da kakarmu ta yi shirme ne a wurinsa. Zai ɗauko 'yan kamfani masu baƙar kwat, su yi sauri su tafi. Ni duk abin da za a yi mini a yi, amma ba zan shiga can a ɗaure ba."

"Na ji."

"Ce kin yi alkawari, uwar nawa."

"Na yi alkawari. Miƙo ɗayar."

Ranar Talata da hantsi Otilia ta cika, taga a buɗe, ana jiyo masu kwashe shara a ƙasa. Saveta ce ta shafe mata ido.

Traian, ƙanen Otilia, ya iso washegari da matarsa Mirela, da 'yan kamfaninsa kamar yadda aka faɗa. Mutumin kirki ne, sai dai komai nasa a kan agogo yake. Da ya ga takalman da Saveta ta sa wa gawar, sai ya ɓata rai. Shuɗɗan takalman gudu ne, waɗanda Otilia ta saya don tseren Atina da ciwo ya hana ta zuwa.

"Tanti Saveta," ya ce, yadda ake kiran manyan mata a garin, "mutane fa za su gani."

"Al'ada ta ce sabon takalmi. Ka taɓa jin ta ce wane iri?"

Ya ce to a rufe su. Aka ja farin leshi aka lulluɓe ƙafafun.

Ranar Juma'a aka yi addu'a a falo, maza shida suka sauko da akwatin suna nishi a kowace kwana. Mirela ta karɓi jakar Saveta mai kyandirori da tawul-tawul na sadaka, ta ce, "Akwai wuri a motarmu, ki sauko kawai." Saveta ta tsaya a baya, don akwai al'adar da ba a tsallakewa in gawa ta fita, kuma ba wanda ya tuna sai ita. Ta kifar da kujerun da akwatin ya kwana a kai. Ta ɗauko tsohuwar tukunyar ƙasa ta fasa a bakin ƙofa. Ta ja ƙofar, ta sauka a hankali tana dafa ƙarfen bene saboda gwiwa.

Titi fayau. Mutanen motar Traian sun ɗauka tana cikin motar matan ƙungiya, matan ƙungiya sun ɗauka tana tare da dangi. Wayarta na cikin jakar da Mirela ta tafi da ita. Ta ƙarasa matsayar bas, ta duba allo: sai nan da minti arba'in. Traian kuwa jirginsa da yamma ne, ya riga ya roƙi Fada, limamin coci, ya taƙaita.

Maƙabartar na can saman tudu, bayan tsohuwar masaƙa, tafiyar rabin awa ga mai lafiyar ƙafa. Saveta shekararta sittin da ɗaya, jiki ya yi nauyi, rabonta da gudu tun tana makaranta. Ita ce mai leƙowa ta taga kullum da safe ta ce wa Otilia, "Wa ya biyo ki?" Tsoro ya kama ta sosai, irin wanda rabonta da shi tun ranar da ta gane mijinta ba zai dawo ba. Ta tattare baƙin siket ɗinta da hannu ɗaya, ta zuba.

Abin da ta yi ba za a kira shi gudu ba sai don kara. Amma ba ta tsaya ba. Tsofaffin da ke zaune gaban shagon Costel suna kaɗa kati suka miƙe tsaye.

"Tanti Saveta, gobara ce?"

"Ko Sevilla za ki, ki dawo da maigida?"

Ba ta da numfashin zagi, sai ta ɗaga musu hannu kawai. A kwanar kantin magani gefen cikinta ya ƙulle. Shekara da shekaru tana jin Otilia na yi wa 'yan mata bayani a ɗakin ɗinki, ita tana taka keke tana tsaki, ashe duk ya zauna mata. Kada ki kalli tudu, kalli inda za ki sa ƙafa. Ja numfashi biyu, saki biyu. In ƙafa ta ce ta gaji, ƙarya take, tambayi hannu. Ta shiga jefa hannuwa kamar mai dambe.

Aurica mai sayar da jarida ta hango ta tun daga nesa. Ta ga baƙaƙen kaya, ta ga inda ta dosa, ta gane. Ta fito daga rumfarta, ta buɗe gorar ruwa, ta miƙo hannu bakin titi yadda ta ga ana yi a talabijin. Saveta ta fizga ba ta rage gudu ba, rabi a baki, rabi a wuya.

"Taka, Saveta! Taka!"

Da ta shiga ƙofar maƙabarta, idonta duhu-duhu yake gani. Ta bi muryar Fada da ƙamshin turare. Ta hango mutane sun yi da'ira, 'yan kamfani biyu sun ɗago murfin akwatin, na uku riƙe da guduma. Saveta mace ce da ko a kasuwa aka cuce ta sai dai ta dawo gida ta yi ƙunƙuni. Ranar nan kuwa har masu haƙa a can ƙasan tudu sai da suka jiyo ta.

"Ku ajiye shi!"

Fada ya katse addu'a. Matan ƙungiya suka dare mata hanya. Ta faɗi a kan gwiwoyinta a ƙarshen akwatin, tana haki.

"Tanti, don Allah," in ji Traian a hankali. "An gama komai."

"Dabaibayin..."

"An cire, Uwa," in ji mai gudumar. "Abokina ya cire tun a gida."

Abokin ya kalle shi. "Ni? Ba kai ba?"

Saveta ta yaye leshin. Ga shi nan, farin zare ya zagaye idon sawun sau biyu, an yi masa ƙulli a kan ƙulli a saman shuɗɗan takalman. Wata daga cikin matan ta yi salati irin nasu, ta zana gicciye a ƙirji.

Hannun da ya shekara goma sha huɗu yana zura zare a allura, shi ta kai wa zaren. Ta kama ƙullin, ya kuɓuce. Ta sake kamawa. Sai ta ji mutum ya durƙusa kusa da ita a cikin jar ƙasar, da wandonsa mai tsada. Traian ne. Ya sa hannu biyu ya riƙe mata takalman don kada su motsa.

"Na Mama," ya ce, yadda ita kaɗai za ta ji, "ni aka ce in kwance. Ina ta kuka, na manta. Ban taɓa gaya wa Otilia ba."

Saveta ta sunkuya kan ƙullin. Ta sa farce ta zaƙulo bakin zaren, ƙulli na farko ya saki, na biyu ya bi. Ta warware shi a hankali.

"Saki," ta ce wa Traian.

Ya cire hannunsa. Ƙafafun suka rabu kaɗan, ta dama ta ɗan karkata waje. Saveta ta naɗe zaren a yatsu biyu, ta miƙa masa, shi ya ajiye a gefen yayarsa. Ita kuma ta gyara igiyar takalmin hagu da ta kwanta a karkace, ta dafa shi.

"Na gode, Otilia. Allah ya saka miki. To, hanya taki ce."

Aka rufe, aka saukar. Saveta ta zauna a kan simintin kabarin da ke kusa, wata na yi mata fifita da ɗankwali. Ana ta rabon dafaffiyar alkama da zuma a ƙananan kofuna, kofunan suka ƙare kafin a zo kansu. Traian ya zo da nasa, ya zauna gefenta, gwiwoyinsa duk ƙasa. Ya ci cokali ɗaya, ya miƙa mata cokalin.