Bikon Farfesa Choji

Shekara talatin da shida ina auren Farfesa Bartholomew Choji, sai wata Talata da hantsi na ji daga bakinsa cewa ashe ni ba matarsa ba ce.

Bari in fara gaya muku ko wane ne shi, don ku san girman abin. Baban Hannah farfesan shari'a ne a wata jami'a a Birmingham, kuma dokar aure da iyali ce fanninsa. Littattafai huɗu ya rubuta, duka a kan cewa Turawa sun lalata aure. In gidan rediyo na neman wanda zai tsaya shi kaɗai ya ce kowa ya ɓata, shi suke kira, ya sa kwat ya ɗaura lakataye ya tafi, alhali babu mai ganinsa. Ɗan Katolika ne na ƙin ƙari. A cocinmu da ke kusa da Stratford Road, Fada kan saci kallonsa in yana wa'azi, domin ya san bayan an tashi za a tare shi a bakin ƙofa a gyara masa kuskure biyu ko uku.

'Yarmu ɗaya tilo, Hannah, tana aikin magani a Manchester. Shekara bakwai da suka wuce ta auri Tomas, wani yaron Lituwaniya mai tuƙa motar asibiti, mai kunya kamar amarya. A ofishin rajista suka ɗaura, ba Fada, ba coci. Ranar da Baban Hannah ya ji, bai yi faɗa ba, da ma ya yi faɗan. Zama ya yi ya karanta mana doka a nutse: duk ɗan Katolika da ya yi aure ba a gaban Fada ba, kuma ba da izinin Bishop a rubuce ba, to a wurin Coci babu aure, zaman dadiro ne kawai. Ya ce ƙafarsa ba za ta taka gidansu ba, domin shigarsa shaida ce, shi kuwa ba ya shaidar zur.

Kuma bai taka ba. Ni kaɗai nake hawa jirgin ƙasa duk wata, da ƙullin acca da daddawa a jaka. Aka haifi Zoe, ta yi haƙori, ta shiga makaranta, kakanta bai taɓa ɗaukarta ba. Na yi kuka, na yi roƙo, na tura masa Fada. Na daina yi masa gwate wata biyu, ya koyi cin burodi da sardin. Abin ya ci mini rai ƙwarai, har na fara tunanin zan mutu ban ga mijina da 'yata a kan tebur ɗaya ba.

To, ritaya ta matso, sai Farfesa ya ce yana so ya zama dikin, wato mataimakin Fada, ya ƙarasa ransa yana hidima a bagade. Aka ce ya kawo sabuwar takardar baftisma daga cocin ƙauyensu, irin wadda ake rubuta auren mutum a bayanta. Takarda ta iso. Gurbin aure fari fat, ko ɗigon tawada babu.

Ga yadda aka yi. Mahaifina dattijon coci ne a Bukuru, mu ba Katolika ba ne, kuma ya rantse cewa a cocinsa za a ɗaura auren 'yarsa ko a fasa. Baban Hannah, lokacin yana makarantar lauyoyi a Legas, ya rubuta wasiƙar neman izinin Bishop mai shafi uku, har da Latin a ciki. Maimakon ya kai da kansa, sai ya yi irin tamu, ya ba da saƙon hannu. Katikis Jedidiah, malamin cocin ƙauyensu, zai shiga Jos gyaran keke, aka ce ya miƙa a ofishin Bishop. Ranar biki Katikis ya zo Bukuru da farar riga, ya zauna a kujerar gaba, ya ci shinkafa faranti biyu, ya yi rawa har hularsa ta faɗi. Ango ya tambaye shi batun wasiƙa, ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Kwantar da hankalinka, ba ga ni ba?" Kowa ya ɗauka tunda Katikis ya ci ya yi rawa, ai Coci ta halarta. An bincika ofishin Bishop kaf, wasiƙa ba ta taɓa isa ba. Katikis kuwa ya rasu tun kafin a haifi Hannah.

Da ya gama yi mini bayani, dariya na yi har na riƙe ciki. Na ce, "Baban Hannah, kenan littattafan nan huɗu a zaman dadiro ka rubuta su?"

Bai yi dariya ba. Da yamma na ga ya kwashi filonsa da bargo ya nufi ɗakin karatu.

"Ina kuma za ka?"

"Catherine, sai an gyara. Ba zan san doka in taka ta ba."

Nan dariyata ta ƙare. Ni da na bi shi ƙasar sanyi da akwati ɗaya, na yi aikin kula da tsofaffi shekara goma sha ɗaya yana digiri, na yi jinyarsa lokacin da aka yi masa aikin zuciya, yau ni ce zunubin da ake gudu da filo a hammata? Na ji ciwo, ba zan ɓoye ba. Ran Lahadi ya ƙi tashi karɓar Jikin Almasihu a hannun Fada, ya zauna a benci ya sunkuyar da kai, mata suna ta waiwaye suna kallona, wai me na yi wa bawan Allah.

Fada ya kira mu ofis ya ce abu ne mai sauƙi, shaidu biyu, minti goma, mu maimaita alkawari a gabansa, shi ke nan. Amma Farfesa ba ya son a ji. Ya kwana uku a kan littattafai ya tono wata hanya: Bishop yana iya warkar da aure tun daga tushe, a takarda kawai, ba biki ba shaidu, muddin yardar ma'auratan tana nan ba ta janye ba. Ya kawo wa Fada har da lambar sashe. Fada ya duba ya ce haka ne. Sai ya juyo ya ce, "Madam Choji, don cika ƙa'ida kawai, har yanzu kin yarda da wannan aure?"

Ikon Allah! Shekara talatin da shida babu wanda ya tambaye ni. Na gyara ɗankwalina na ce, "Fada, a ba ni lokaci in yi tunani."

Washegari na haɗa kaya na tafi Old Trafford, unguwar su Hannah a Manchester. Na bar masa takarda a kan firji cewa macen da ba ta da aure gidan danginta take zama, kuma dangina a ƙasar nan Hannah ce. In yana nema na, ya san al'ada.

Ya turo saƙo a waya mai sakin layi shida, ban amsa ba. Ya turo Dakta Ja'afaru maƙwabcinmu, wanda suka shekara ashirin suna musun addini ta kan katanga. Dakta ya sha shayi, ya yi wasa da Zoe, ya koma ya gaya masa cewa ko a wurinsu Musulmi ba a biko ta waya, miji ne ke zuwa da ƙafarsa ya zauna a gaban maigida.

Sati biyar ya yi yana jurewa. Ran Asabar ta shida, wajen sha ɗaya na safe, aka buga ƙofa. Na leƙa ta labule na gan shi tsaye cikin yayyafi, da kwat da lema da jakar takardu, kamar mai zuwa kotu. Ya rame. Kwalar rigarsa ba guga, kuma sai da na danne zuciyata kafin na hana kaina fita.

Tomas ne ya buɗe. Na riga na koya masa abin da zai yi, ya haddace kamar karatun jarrabawa. Ya ce da Hausarsa mai karkata, "Sannu da zuwa. Wurin wa aka zo?"

Baban Hannah ya tsaya yana kallon dokin ƙofar nan. Ina ƙirgawa a raina, na kai arba'in. Sannan ya sunkuya ya kwance igiyar takalminsa, ya shigo da safa. Tomas ya nuna masa kujera, ya ƙi, ya zauna a kan kafet yadda ya zauna a gaban mahaifina a Bukuru, sai dai yanzu gwiwoyin sun yi ƙara. Ya ce wa yaron da bai taɓa gaisarwa ba, "Na zo biko. Kai ne maigida, a hannunka take."

Hannah tana tsaye a ƙofar kicin, hawaye na zuba, ba ta share ba. Zoe ta fito daga bayanta ta tsaya a gabansa tana ƙare masa kallo, ta tambaya da Turancinta na 'yan Manchester me ya sa wannan tsohon ya zauna a ƙasa, ko an hukunta shi ne. Ta je ta ɗauko masa filon kujera ta ce ya zauna a kai.

Amma Farfesa Farfesa ne. Ana zuba abinci ya yi gyaran murya ya ce, tunda Fada zai gyara namu, me zai hana a haɗa da nasu a yi lokaci ɗaya.

Hannah ta ajiye ludayi ta ce, "Baba, namu lafiyarsa lau. Naka ne aka zo gyarawa."

Na ɗauka zai tashi ya ɗauki lemarsa. Ya dubi Tomas, ya dubi yarinyar da ta riga ta jingina da kafaɗarsa tana wasa da lakatayensa, ya ce a ba shi ruwan wanke hannu. Ya ci gwate kwano biyu.

Da zai tafi ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "To, Catherine, me zan gaya wa Fada?"

Na ce, "Ka ce ina kan tunani. Ka dawo Asabar."

Wata huɗu ke nan. Duk Asabar yana hawa jirgin safe daga Birmingham ya zo zance, da lemo a leda da littafin yara a jakar takardunsa. Yana kai Zoe lilo, yana musu da Tomas a kan ƙwallo, abin da bai san komai a kai ba. Batun dikin yana nan a ajiye, Fada ya kira ni sau uku.

Amsata eh ce, tun ranar da na gan shi cikin yayyafin nan, kai tun Bukuru ma. Ina kewar gidana, ina kewar munsharinsa. Amma na san mijina. Ranar da na ce eh, takardarsa ta cika, ya koma mai gaskiya, kuma ban sani ba ko mai gaskiyar zai sake hawa jirgin Manchester. Shi ya sa jiya ma da ya tambaya, na ce ya dawo Asabar.