An Mayar da Alhaji Nasidi Kujerarsa

Tun hantsi ƙamshin waina ya cika lungunsu a unguwar Kwarbai. Mairo na bakin tanda tana juyi tana 'yar waƙa, don gwamnatin jiha ta sake naɗa mijinta, Alhaji Nasidi, a kwamitin amintattu na makarantar makafi. Shi kuwa gogan tun asuba yake gwada huluna, kai ka ce rawani za a naɗa masa.

Murnar Mairo ba ta kujera ba ce. Autarsu Ihsan, wadda ƙyanda ta tafi da idanunta tun tana tatata, bana ta cika sha biyu, makarantar kuwa ba ta ɗaukar sabon ɗalibin da ya haura haka. Kullum Alhaji cewa yake a bari yayarta Sa'adatu ta yi aure tukuna, kada dangin miji su ce makanta gadon gidan ce. In an yi baƙi, ƙuryar ɗaki ake kai yarinyar. Maƙwabta sun sani, sun kuma iya kama bakinsu. Amma da watan azumi ya yi alkawari da bakinsa: "In aka mayar da ni, da kaina zan kai ta."

To ga shi an mayar da shi. Mairo ji take kamar an sauke mata dutse daga ƙirji.

* * *

Bayan la'asar shugabar makarantar, Malama Sailuba, wadda ita ma ba ta gani, ta kawo ɗalibanta taya murna. Suka jeru a tsakar gida, kowa dafe da kafaɗar na gabansa. Manyan baƙi na kan darduma, har da mahaifin saurayin Sa'adatu. Alhaji ya yi jawabi mai ratsa zuciya, ya ce ɓoye nakasasshen yaro a gida zalunci ne. Ya iya magana, wannan ba a ƙwace masa ba.

Yara suka ɗauki waƙar makarantarsu. Ihsan ta haddace ta tsaf daga wayar babanta. Da suka kai ƙarshe suka yi shiru, sai wata siririyar murya daga cikin ɗaki ta ci gaba da amshi ita kaɗai.

Malama Sailuba ta karkata kai. "Alhaji, wace yarinya ce da wannan murya? Ai ta fi nawa iyawa."

Mairo na tsaye da faranti a hannu, daɗi ya kama ta. Allah ya kawo sauƙi, abin da ya rage kawai ya faɗi sunan. Alhaji ya saci kallon surukinsa, ya gyara zaman hularsa.

"Rediyo ne, Malama. Mairo, je ki kashe shi."

Malama Sailuba ta daɗe fuskarta na wajen ƙofar ɗakin.

* * *

Ihsan na zaune a bakin gado tana ta murmushi.

"Umma, sun ji ni? Na yi daidai?"

"Kin yi daidai, 'yar albarka."

A waje aka roƙi yara su maimaita, suka sake ɗauka. Ihsan ta ja numfashi za ta bi su. Mairo ta zauna, ta jawo ta jikinta, ta rufe mata baki da tafin hannu a hankali. Har aka gama waƙar tana jin leɓɓan yarinyar suna motsi a cikin hannunta.