Ruwan Ɗumi a Ƙarshen Duniya

Bilyaminu ya koyi aikin sola ne a Ƙauran Namoda, a shagon maigidansa Na'Allah. Tun daga rijiyoyin burtsatsen Badarawa har na Gurbin Ɓore, abu guda ake fara yi da an isa: a watsa wa farantin sola ruwa, a goge, wuta ta ƙaru. Da wannan sabo ya yi karatu, da shi kuma ya samu aiki a wata tashar bincike can ƙarshen duniya ta kudu, inda babu komai sai ƙanƙara.

Da wutar rana da ta iska tashar take rayuwa. Akwai janareto a wani ɗaki, amma tunda aka gina wurin ba a taɓa tada shi ba, kuma da wannan mutanen tashar suke taƙama.

Wata safiya iska ta ɗauke, fankokin da ke ba da wuta suka tsaya cik. Bilyaminu ya ga farantan sun yi hazo-hazo. Bai tsaya tunani ba, ya ɗebo ruwan ɗumi a bokiti ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Kafin ya juyo ruwan ya daskare, dusar ƙanƙara ta sauko ta manne a kai kamar an shafa farar ƙasa.

Shugabar tashar, wata dattijuwar Baturiya, ba ta yi faɗa ba. Ta nuna masa ma'aunin batir kawai, ta ce in ya taɓa ja, bututun ruwansu zai daskare ya fashe, don haka dole a tada janareto.

Ya wuni yana kankare farantan da guntun roba har yatsunsa suka mutu. Da ya shigo shan ɗumi ya aika wa Na'Allah saƙon murya. Amsa ta zo da dariya.

"Kai Bilya, ruwa ka zuba? To ai haka ni koya maka, mi za ka yi? Yo ƙasar da ruwa ka zama dutse, wa ya aike ka?"

"Maigida, ba abin dariya ba na."

"Awo, na sani. Allah shi kyauta."

Da la'asar ma'auni ya taɓa ja. Aikin wuta nasa ne, don haka shi aka miƙa wa makullin janareto. Ya duba mai, ya danna, injin ya yi tari ya kama. Baƙin hayaƙi ya miƙe bisa farar ƙanƙara, mutane suka tsaya a taga suna kallo.

Ƙarar irin ta janaretocin bakin kasuwar Ƙaura ce sak. Ya ɗan saurara, sannan ya ɗauki robarsa ya koma waje.