Kocin da Ya Ƙosar da 'Yan Wasansa

Dobrivoje yakan ce a zamanin da yake buga ƙwallo, benci ya fi ciyawar fili saninsa. Da gwiwa ta gaza, aka ba shi kocin ƙungiyar ƙauyensu, a faɗarsa don shi kaɗai ke da usur.

Bana ƙungiyar tana dab da faɗawa rukunin ƙasa. Gvozden, shugaban ƙungiya, bai ɓoye masa ba: in aka sha kashi ranar Lahadi, ya miƙo usur.

Sai ga slavar gidansa, bikin waliyyin iyali, ta faɗo Asabar. Wanda aka taɓa gayyata slava ba ya jiran gayyata ta biyu. Shi kuwa, shekarar da aka naɗa shi, ɗoki ya sa ya gayyaci 'yan wasan kaf.

"Stamenka, ki ɗan rage sarma," ya ce wa matarsa, tana naɗe nama a ganyen kabeji.

"In rage? A ce an ga gindin tukunya a gidanka? Je ka buɗe ƙofa."

Ranar slava maigida ba ya zama, a tsaye yake yini yana cika farantan baƙi. Haka ya iso kan Radisha, ɗan wasan gaba, wanda shi kaɗai ya san inda raga take.

"Koci, gobe fa da wasa," in ji Radisha, yana ture faranti a hankali, irin turin mai son a hana shi.

Dobrivoje ya buɗe baki zai ce ya isa. Sai ya ga gwaggonsa tana kallonsa daga ƙarshen tebur, ta ga ko zai rage wa baƙo abinci.

"Ai ba ka ci komai ba, ɗana," ya ce wa Radisha.

Da hannunsa ya ɗora masa cinyar rago. Mai tsaron raga ma ya samu, har da ƙari.

Washegari Radisha ya yi ta gudu kamar yana jan teburin a bayansa. Aka lallasa su.

Gvozden ya sami Dobrivoje a bakin fili.

"Maƙwabci, ragon jiya ya gasu. Amma usur."

"Ga shi. Tun da na fara aikin nan ban taɓa ba su umarni sun bi ba, sai jiya."

A gida ya zauna, Stamenka ta ɗumama masa sauran sarma.

"Baɗi 'yan wasan za su zo?" ya tambaye ta.

"Za su zo mana. Ai an riga an gayyace su."