Goron da Ya Kai Inusa Forlami

A kakar gyaɗar 1953, duk garin Magariya ba mai jin Ingilishi sai Inusa mai awo. Haka dai gari ya ɗauka. Ni taubashinsa ne, uwata da ubansa ciki ɗaya, don haka ina da izinin faɗin abin da wasu za su rufe. Ingilishin Inusa, in ka cire ƙidaya, kalma arba'in da uku ne. Ni da kaina na ƙirga su a gindin tsamiya, yana faɗa ina ajiye ƙwayar gyaɗa.

A Baɓura ya samo shi, can tsallaken iyaka inda Ingila ke mulki. Kaka uku ya yi a bakin sikelin wani Bature mai sayen gyaɗa, kuma abin da ake faɗa a bakin sikeli sananne ne: ɗora, sauke, yi sauri, akwai ƙasa a ciki, dawo gobe, sai zagi iri huɗu. Da ya dawo gida ya kama awo a kanti, duk direban Kano da ya zo ɗaukar buhuna sai Inusa ya daka masa tsawa da Ingilishi. Direban, wanda shi ma Bahaushe ne, ya ce "to". Jama'a su jinjina kai. Rashin farin wata, tauraro ke haske, mu duk Faransanci ne ya dame mu.

Cikin masu jinjina kan nan akwai wani falke Babarbare, Bunu, mai zuwa Cadi. Bayan wata biyu sai ga shi da takarda. Wai a Forlami, babban birnin Cadi, wani Balarabe ɗan Sham ya buɗe lakwal, wato makaranta, ta kansa, ba ta gwamnati ba, inda fatake da masu niyyar hajji ke koyon Ingilishi kafin su ratsa Sudan. Malaminsa ya gudu. Bunu kuwa ya rantse masa cewa a Magariya akwai wanda Ingilishi ke zuba daga bakinsa kamar gero daga buhu. Za a ba shi ɗaki, a ba shi albashi, a riƙa ce masa Mushe, kamar yadda ake kiran malamin lakwal a ƙasar Faransa.

Kwana uku Inusa bai ci tuwon kirki ba. Ran na huɗu ya ja ni bayan kanti.

"In na je, asirina ya tonu," in ji shi. "In na ƙi, gari zai tambayi dalili. Amma na sami dabara. Zan nemi shawarar manya. Wane dattijo ne zai bar ɗansa ya tafi Cadi? Su hana ni, in zauna da mutuncina, har abada a riƙa cewa da ba don Kawu ba da Inusa na can yana koyar da Larabawa."

Dabarar ba ta da laifi. Inda ya kuskure shi ne don ya girmama al'amarin sai ya sayi goro ƙwarya guda, ya sa farar rigarsa ta Juma'a, ya ce daga masallaci zai bi gida gida. To, a garinmu mai neman shawara mutum ɗaya yake samu, a keɓe, hannu wofi. Wanda ya ɗauki goro yana bin ƙofa ƙofa cikin farar riga, sallama yake yi. Yaron goye ma ya san wannan, amma tsoro ya rufe wa Inusa ido. Ni na sani sarai, na yi shiru. Har ƙwaryar ni na riƙe masa, don taubashin da ya bar irin wannan garaɓasa ta wuce bai san aikinsa ba.

Muka fara da Kawu Mutari, yayan uwarsa. Inusa ya durƙusa, ya aje goro bakwai, ya ce, "Kawu, wata tafiya ce ta taso, Forlami..."

Kawu ya dubi goro, ya dubi riga, idonsa ya kawo ruwa. "Allah ya kai ka lafiya, ɗan nan. Duk abin da ka yi mini na yafe, har akuyarka da ta cinye mini dawa."

"Kawu, ai ban yanke ba tukuna. Na ce ko kana ganin da nisa..."

"Haka ɗa mai ladabi ke faɗa," in ji Kawu, ya sa aka kamo masa zakara.

Liman bai bari ma ya buɗe baki ba, ya ɗaga hannu ya yi addu'ar da ta kai shi Forlami ta dawo da shi ta sake mai da shi. Maƙwabcin Inusa, wanda shekara biyu ba sa ga maciji saboda indararo, ya rungume shi ya ce ruwan ya ci gaba da zuba a inda yake zuba. Kowane gida Inusa sai ya ƙara wa hanyar haɗari, ya ambaci kuraye, ya ambaci kogi, ko wani zai ji tausayi. Su kuwa sai su ƙara masa guzuri. Muka fita da goro ɗari, muka dawo da zakara biyu, kilishi, dakuwa, ƙuli-ƙuli, garin yaji da tabarma sabuwa.

A gida muka tarar matarsa Hinda ta riga ta yi kitso. "Sannu da zuwa, Mushe," in ji ta, ta durƙusa irin durƙuson da bai gani ba tun tana amarya. Labari ya riga mu zuwa rijiya.

Inusa ya zauna tsakiyar kayan kamar wanda aka yi wa mutuwa. Ya ce gobe zai mayar wa kowa da abinsa. Na tuna masa cewa ba a taɓa mayar da guzuri ba, balle yafiya, sannan kilishin ma ya riga ya ragu. Ni na rage shi.

Ran Lahadi da hantsi, muna zaure, sai ga Iya Ƙande mai daddawa ta shigo da sandarta. Ba mu je gidanta ba, don goro ya ƙare kafin mu kai bakin gari. Ta aje wani ƙullin ganye gaban Inusa, warinsa ya cika zauren.

"Wannan ba naka ba ne," in ji ta. "Na Muttaƙa ne."

Muka dubi juna. Muttaƙa ɗanta ne tilo. Shekara goma sha ɗaya ke nan da ya kama hanyar hajji a ƙasa, shi ma da farar riga da goro ya bi gari, aka raka shi har bayan ganuwa. Labarin ƙarshe da aka samu, wani ya gan shi a Forlami yana ga-ruwa, guzuri ya ƙare, bai yi gaba ba bai yi baya ba.

Ta tafi, ta bar mu da ƙullin. Gaskiya daga nan dariyar ta fara fita daga raina, na ji kunyar shirun da na yi ran Juma'a. Inusa ya ɗauki ƙullin ya miƙe. Na bi shi.

Muka same ta tana shanyar kalwa. Ya durƙusa ya miƙa mata ƙullin da hannu biyu.

"Iya, ki yafe ni, ba zan iya tafiyar nan ba. Ingilishin da ake cewa ina ji, ba na ji. Na bakin sikeli ne kawai. In na je kwana nawa ne za a kore ni, in dawo garin nan da wane ido?"

Wannan shi ne karo na farko da na ji ya faɗa wa wani ban da ni. Iya Ƙande ba ta ko ɗago daga kalwarta ba.

"Ni Ingilishi na aike ka? Muttaƙa Hausa yake ji."

"Iya, ai..."

"Ka ba shi daddawar, ya san hannuna. Ka ce masa ba sai ya kai Makka ba. An yi masa rakiya, an ba shi guzuri ya ci, shi ya sa yake jin kunyar dawowa, na sani. Ka ce ya dawo haka nan. Ni ba alhaji na haifa ba."

Ta ci gaba da shanyarta. Da Inusa ya tashi, ƙullin na hannunsa.

Ran Talata ya hau kamyon, babbar motar gyaɗa mai zuwa Kano, daga can ya nemi ta Yerwa, hanyar Cadi. Gari ya fito rakiya. Na ƙulla masa ƙwayar gyaɗa arba'in da uku a tsumma, na ce ya riƙa ba ɗalibai ɗaya kowane mako, in ya yi tattali za ta kai shi baɗi. Ya zage ni da ɗaya daga cikin zagin nan huɗu, jama'a suka ce, "Kun ji ko? Har ya fara."

Bai yi tattali ba. Kamar yadda ya ba ni labari daga baya, wata huɗu aka yi ana ce masa Mushe, har ran da wani ɗalibinsa ya isa iyakar Sudan, jami'in Ingila ya nemi takardunsa, shi kuwa ya gyara murya ya gaya masa cewa akwai ƙasa a ciki, ya dawo gobe. Ɗalibin ya kwana biyu a tsare, ya dawo Forlami da sanda. Balaraben ya sallami Inusa a ranar. Sauran wata ukun a bakin rijiyoyin garin ya yi su, yana bin 'yan ga-ruwa ɗaya ɗaya da ƙullin daddawa a aljihu.

Ni ban san duk wannan ba a lokacin. Abin da na sani shi ne zai dawo ko ba daɗe ko ba jima, don haka wata bakwai ina tanadin gori, ina gyara shi, har waƙa na yi masa mai amshi.

Ranar kasuwa kamyon ya tsaya. Inusa ya diro, ya rame, rigar Juma'ar ta koma ruwan ƙasa. Bayansa wani mutum ya sauko a hankali, kafaɗarsa ɗaya ta karkace saboda ɗaukar ruwa, yana kallon ƙasa don kada ya haɗa ido da kowa. Ba Mushe, ba Alhaji. Sai Iya Ƙande ta tashi daga gaban faifanta, ta manta da sandar, ta ratsa mutane ta kama hannun rigar mutumin, ta ce, "Ka ci abinci kuwa?"

Inusa ya juyo ya dube ni, ya ɗan sunkuyar da kai, yana jiran abin da ya san na tanada. Na matsa na karɓi akwatinsa na ɗora a kai, muka nufi gida.