Raƙumin Laoban Wu

A 1998 ina ɗaurin kaya a shagon Laoban Wu, wato Maigida Wu a yarensu, a unguwar Sanyuanli can ƙasar waje, aikina na uku a shekarar. Zai kai matarsa hutu Masar, su ga teku, su hau raƙumi. Tsoronsa ɗaya, kada ya faɗo a gabanta.

Ya ce, "Issa, kai ɗan Maraɗi ne, koya mini hawan raƙumi."

Ban taɓa hawan raƙumi ba, kallonsu kawai nake a kasuwa. Na zaunar da shi kan dilar atamfa. "Laoban, da ƙafafun baya yake fara miƙewa. Ka kishingiɗa baya." Na yi ta girgiza dilar har ya iya.

Ya dawo da hoto, yana bisa raƙumi a kishingiɗe, matarsa tana dariya. Ya liƙa shi daidai inda nake zama.