Garin Kafso a Dunduniyar Hajjo

Shekara ashirin da biyu Halliru yana wanke ciwo a ɗan shagon kemis ɗinsa da ke bakin kasuwar Sabon Birni. Ƙunar salansar babur, saran fartanya, kaushi da ya tsage, duk wurinsa ake kawowa, har daga Burkusuma. Aikin nasa iri ɗaya ne: ya wanke, ya fasa kafso ya barbaɗa garin a kai, kwana uku ka ga ciwo ya bushe ya yi ɓawo. Mutumin kirki ne, sai dai Allah ya yi shi da son a ce shi ne.

To sai ƙaya ta soki yayarsa Hajjo a dunduniya, a gonarsu ta Gangara. Tana da ciwon suga, wurin ya ƙi warkewa har ya zama gyambo. Ɗanta ya kai ta asibiti a Isa, ko shawarar kawunsa bai nema ba. A can aka haɗa ta da Nuriyya, mai aikin gashin ƙashi, wadda za ta riƙa duba ciwon tana koya mata tafiya da sanda ba tare da ta taka wurin ba.

Tun daga ranar Hajjo ba ta da hira sai ta Nuriyya.

"Halliru, ɗiyag ga ta san aiki," in ji ta ranar da ya je gaishe ta. "Leda takan ɗora bisa ciwon ta zana bakinai da biro, in mun koma ta gwada ta ga ko ya rage. Ta ce hwata hawa ukku ta, nau ya kai na ukkun. Ta ce kar a bari shi bushe, daga ƙasa nama ka cikowa."

"Biro ka warkar da ciwo yanzu?" ya ce yana dariya.

Dariyar iya leɓe ta tsaya. Kishi ne ya turnuƙe shi, irin wanda ke hana mutum jin daɗin tuwo. Yarinyar da ba a haifa ba lokacin da ya fara riƙe almakashi, ita yayarsa ke yabo a gabansa, gaban matan gida! Sati uku yana lissafi, ciwo na nan jajir a jiƙe, wai ya ragu da faɗin farce. Shi kuwa da an ba shi, ai kwana uku ya isa.

Wata Laraba ya rufe shago da hantsi, ya hau babur sai Gangara, kafso huɗu a aljihu.

"Ta ce kar a sa komi," Hajjo ta ce, tana janye ƙafar.

"Yaya, ni da ita wa kika sani? Wanda ya riga ka kwana ai shi ka riga ka tashi."

Ta dube shi, ta ga yadda fuskarsa ta yi, sai ta miƙo ƙafar. Ya kwance bandejin, ya barbaɗa garin nan har ya rufe jan, ya ce a bar shi ya sha iska. Kafin sati ciwo ya yi ɓawo baƙi ƙirin, a bushe ƙamas. Hajjo ba ta jin zafi, don suga ya daɗe da kashe mata jin ƙafar. Halliru ya hana ta komawa Isa ranar da aka sa mata, ya ce a bari ya ƙara kamewa.

Da sati biyu suka cika ya sa kaftaninsa na Juma'a, ya goya ta a babur da kansa sai Isa. Duk hanya yana shirya abin da zai faɗa wa yarinyar, cikin lalama, kamar uba.

Nuriyya ta gaishe su da ladabi. Da ta ga ɓawon ba ta yi murna ba, ba ta kuma ɗauko ledarta ba. Ta ɗora bayan hannunta a wannan ƙafa, ta ɗora a waccan, ta sake dawowa, tana gwada ɗuminsu. Ta danna gefen ɓawon a hankali. Mugunya ta tsarto, wari ya cika ɗakin.

Ta kira nas suka ɗaga ɓawon. Ta sa tsinken auduga a bakin ciwon, ta tura shi ta gefe, ƙarƙashin fatar da ake gani lafiyayya. Halliru yana kallo tsinken ya yi ta shiga, yana shiga, har ya kusa ɓacewa.

"Inna, ɓawon ya toshe ma ruwan hanya, ciwon ya ci ta ƙasa," ta ce. "Ina tsoron ya taɓa ƙashi. Za ni kiran likita shi rubuta muku takarda, yau za ku Sakkwato. Ba ni iya yi miki alkawali bisa ƙahwag ga." Ta goge garin da ya daskare a gefe, ta duba. "Kafso ne wanga. Wa ya zuba miki?"

Halliru ya sunkuyar da kai.

"Ni ce," Hajjo ta ce, ko inda yake ba ta duba ba. "Gajen haƙuri irin na tsohuwa, ɗiyata."

Nuriyya ta girgiza kai, ta juyo gare shi, muryarta ba faɗa a ciki.

"Haba Baba. Inna ta sha gaya min shekarunka cikin aikin ga. Kai da ka sani, ai da ka hana ta."

Ya gyaɗa kai. Da ta zage shi da ya fi masa sauƙi.

Aka turo keken marasa lafiya aka ɗora Hajjo. "Ɗauko min takalmana, Halliru," ta ce. Ya duƙa ƙarƙashin gadon ya ɗauko su, ƙafa biyu, ya bi bayan keken yana riƙe da su.